Goyon Alhaji Sahabi

Shekaranjiya ina zaune a inuwar tasha nan Jega, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai kabu-kabu ba sana'ar da ake koyo ba ce, in dai mutum ya iya tada inji ya murɗa totur, ya gama karatu. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ku da kuke ɗaukar 'yan makaranta marasa nauyi, kunne toshe da waya, ku wuce tsoho ba ko sannu, bari yau in gaya muku dalilin da ya sa ake ce mini Ummaru Mai Goyo. Na san kuna faɗin sunan kuna ƙunshe dariya, kuna tsammanin ba na gani.

Ni ɗan Maiyama ne. Na shiga wannan aiki ba a daɗe da yanke mana jiha ba, lokacin da ma'aikata suka cika ko'ina da takardu a hammata, kowa na sauri, mota kuwa sai a yi rabin yini ana jiran ta cika. Maigidana Ladan, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na hau babur ba sai da na gaji da wanke shi. Ranar da ya yarda, buhun albasa ya ɗora mini, ya karkatar da shi gefe guda da gangan, ya ce in kai Jega in dawo da shi. Na dawo kafaɗa a riƙe, gwiwa a ƙuje. Ya ce gobe ma haka, don kaya madaidaici kowane sakarai na iya kai shi. Kayan aikinmu ba su da yawa: filogi na ajiya, sifana, famfo, faci da gam, sai igiyar roba. Zane da majanyi daga baya suka shigo, kuma ba Ladan ne ya koya mini su ba.

Karkataccen kayana na farko mai rai wani tsoho ne a Gehuru. Ya fito alwalar safe, buta ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka sai ya bi ta. Kafin 'ya'yansa su ɗaga shi baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun saki. Na kai kaya garin, ni ne mai babur ɗin da ke kusa. Aka ɗora mini shi, aka naɗe mu da igiyar roba yadda ake yi wa buhu. To ku sani, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya zama a kan babur, zuba yake yi. Kowane rami ya ɗan zame, kowace kwana ya ƙara. Kafin mu shigo Jega kansa ya dawo ƙarƙashin hammatata, yana taya ni kallon hanya.

A bakin gari Goggo Ige, ƙanwar mahaifina, take tuyar ƙosai. Tana hango mu ta miƙe da matsami a hannu.

"Kai Ummaru! Tsaya nan! Mutum na kaɗ ɗauko ko ragon layya?"

"Goggo, asibiti za mu, sauri nika yi."

"Sauri mi? Igiyag ga ta shaƙe mai hammata, ƙahwa tai na jan ƙasa. Sauka in gwada ma. Ɗiyan unguwag ga dut bayana sunka girma, ba wanda yat taɓa hwaɗuwa."

Ta shiga gida ta fito da zanen goyo da majanyi na saƙi. Nan bakin hanya, gaban masu sayen ƙosai, ta goya mini tsoho mai farin gemu. Zane ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya zagayo ƙirjina, babu sarari ko na shigar hannu tsakanin cikinsa da bayana. Majanyi ya kama ƙugu, ƙulli a gaba daidai cibiyata, irin ƙullin da nauyi ke ƙara tamke shi amma in ka san bakin sai ya warware. Ƙafar da ta mutu ta ɗaure ta a mataki da tsumma, ta ce ƙafar da ba ta ji, salansar hayaƙin babur za ta gasa ta mai ita bai sani ba. Hannun kuma ta cusa shi cikin majanyin ta gabana don kada ya yi lilo. Muka tashi, tsoho bai ƙara motsi ba har ƙofar asibiti. Kafin la'asar tasha ta raɗa mini suna.

Abin da Goggo ba ta faɗa ba, na gano da kaina: in ka goya mutum, bayanka yana jin abin da ke ƙirjinsa. Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da na ɗauko daga Maiyama, gumi na zuba, yana dafe da ƙirji, yana cewa ƙwannafi ne, ya sha kanwa zai faɗa. Tafe muke ina jin zuciyarsa tana tuntuɓe, ta buga, ta yi shiru, ta buga biyu a jere. Da muka shigo gari ya ce in biya da shi ya gaida surukansa tukuna. Na yi kamar iska ta hana ni ji, na wuce da shi asibiti. Ranar likita ya nuna mini tiyon man babur ɗina, ya ce jikin mutum ma haka yake da hanyoyin jini, hawan jini ke cinye su a hankali. In ta toshe a kai, ɓarin jiki ya tafi. In ta toshe a ƙirji, sau da yawa ba a kaiwa ga sallama. Mutumin ya tashi. Har ya yi ritaya yana gaya wa mutane ba ni da ladabi, na hana shi gaida surukai.

Alhaji Sahabi kuwa a muguwar shekara ya zo mini, shekarar da mai ya ɓace. Motoci suka jeru a tasha kaji na kwana ƙarƙashinsu. Mu masu babur muna saye a kwalba wurin 'yan bumburutu, rabi mai rabi kananzir, inji na tari muna lallashi. Alhaji babban dillalin albasa ne daga wajen Sabiyal a ƙasar Aliero, ƙato, mai murya. A kasuwar albasa in ya miƙa hannun dama ya kama naka, ciniki ya faɗa, babu mai tada shi. Wannan hannun ne ya faɗi wata safiya yana tsaye gaban rudunsa, rumbun albasa, yana duba ajiya, tare da ƙafar dama da rabin baki.

Mutanen Aliero kun san su da ɗori, ko ciwon kai mutum ya yi sai sun fara laluben inda ya karye. Maimakon asibiti, danginsa suka sa shi a amalanke sai gidan maɗori. Tsohon ya bi hannun daga kafaɗa har yatsu, ya ce babu karaya. Suka ce ya sake dubawa. Ya sake, ya ce babu. Suka ce to ko don albarkacin tafiya ya ɗaura masa kara.

"In ɗaura mi?" in ji maɗori. "Ƙashinai ya hi nau lahiya. Ciwon ga daga sama yas sauko. Ku nemo yaron nan mai goyo, ku kai shi asibiti tun rana ba ta yi ba."

Haka aka aiko mini. Zane biyu aka haɗa kafin ya zagaye mu, tayar baya ta kwanta, muka kama hanyar Jega.

Ciwon ya tafi da maganarsa, ya bar masa kalma ɗaya tak, wadda ya fi faɗa a duniya in an taya kayansa bai yi masa ba: albarka. Likita ya ce yaya sunanka, ya ce, "Albarka." Aka kawo allura, "Albarka." Matarsa Hajiya Kulu ta kawo miya ba gishiri kamar yadda aka umarta, ya ɗanɗana, ya ture kwanon da hagu, ya faɗe ta da ƙarfi har na gadon kusa ya farka. Ranar sallama likita ya tsayar da ni da Hajiya, ya ce a riƙa kawo shi awon jini da karɓar magani da gashi, wato murza da motsa gaɓoɓin da suka saki, ba fashi. Ya ce hannun nan yana iya dawowa in ana motsa shi. In aka bar shi a gida zai ƙandare har abada, in kuma aka bar magani, bugu na biyu ba lallai ya tsaya a hannu ba.

Da fari ba mu sami matsala ba, don jikin bai bar shi ya kula da wanda ke kallo ba. Sai wata ranar kasuwa muka ratso ta gefen 'yan albasa. Mamman Dogo, abokin hamayyarsa a dillanci, yana zaune kan buhu, ya hango mu.

"Ummaru! Yaushe anka yi suna ba a gayyace mu ba? Tubarkalla, yaro ya yi ƙiba! An yaye shi ko tukuna?"

Kasuwa ta ɗauka. Ni na saba, ban ko waiwaya ba. Amma na ji zuciyar Alhaji tana dukan bayana da ƙarfi, numfashinsa ya yi zafi a wuyana. Da na koma ɗaukarsa zuwa na gaba, yana ganin na zaro majanyi ya juya fuska bango.

"Albarka."

"Alhaji, likita na jira."

"Albarka!"

Hajiya Kulu ba mace ce mai kwana-kwana ba. Ta tsaya kansa ta ce, "Alhaji, goyon Ummaru ko na makara, zaɓi guda. Shi wancan mutum huɗu ka yi nai, kuma Mamman Dogo na ciki." Ya ƙara juya fuska bango. Na koma, na sake komawa, ina ƙona man da na sha wuya kafin in samu, ina dawowa ba kowa a baya. Kowane zuwa sai in ga yatsun sun ƙara lanƙwashewa cikin tafin hannun. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga hannun da aka bari ya ƙandare a wasu gidajen, na san kamanninsa.

Dabarar daga Hajiya ta fito. Wata safiya na iske ta ɗauko babbar rigarsa ta sallah, shuɗiya mai aiki har ciki, ta farke wuyan ta faɗaɗa shi. Ta ce in goya shi yadda na saba, sannan a zura mana rigar mu biyu, ta rufe zane da majanyi. Alhaji ya daɗe yana kallon rigar, ya kalli majanyi, ya kalli matarsa. Bai ce albarka ba, mu kuwa muka ɗauki shirun a matsayin sallamawa.

Ku da kuke cewa ba a koyo, ku gwada tuƙi cikin riga ɗaya da mutum. Hannuwan rigar sai an naɗe an danne da cinya, in ba haka ba sarƙa ta kama, ko iska ta shiga ta mai da ku tanti. Zafi kuwa ba a magana. Muna tafe riga ɗaya kai biyu, nawa ƙarami a gaba, nasa babba a baya da hula. Ranar farko wata mai tallar nono ta ajiye ƙwarya ta shiga gona da gudu. Aikin rigar a ƙirjina yake, saboda haka ni ake durƙusa wa, har na fara amsawa da ɗaga hannu. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke ƙarƙashin rigar, amma tunda ba a gani, ba a faɗa, Alhaji kuma abin da yake so ke nan.

Sai ya samo hanyar tuƙa ni. Hannun hagunsa lafiya lau yake, ya fito da shi ta wuyan riga ya kama kunnena. In yana son dama ya ja, in yana son hagu ya murɗa. Ni ina son mu bi ta bayan gari, shi kuwa dole sai ta cikin 'yan albasa, ya ga kayan wa ya shigo, na wa ya fara ruɓa. Wurin mai tsire kaɗai nake ƙin bin kunnen, don likita ya hana, ko zai tsinke shi sai dai ya tsinke. A haka magana ta fara dawowa. Na faɗa wani rami kusa da Aliero, sai na ji a bayana an ce, "Sakarai." Na tsaya cak, na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da ƙari. Da na gaya wa Hajiya, sadakar waina ta yi.

Hannun dai shiru. Mai gashi a asibiti yana murza shi, yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ba shi ƙwallon roba ya matsa, Alhaji yana kallon ƙwallon kamar an ba shi kashin jaki. Damina ta wuce, aka dasa albasa, aka cire. Ni dai kullum in cusa hannun cikin majanyi daidai ƙullin, yadda Goggo ta koya mini, mu tafi mu dawo. Na fara cire rai, ban dai faɗa wa Hajiya ba.

Ranar da abin ya faru kasuwa ta cika, sabuwar albasa tuli-tuli har bakin hanya. Muna ratsawa a hankali, kunnena a hannun Alhaji kamar kullum. Sai na ji wani abu yana motsi a cikina ƙarƙashin riga. Na ce ko ƙadangare ne ya shiga tun gida. Ban gama tunani ba na ji ƙugu ya saki. Alhaji ya zuba dama, wuyan riga ya haɗa mu, na bi shi, babur ya bi mu. Muka kife cikin tulin albasar Mamman Dogo, ba ta kowa ba. Albasa ta watse har cikin kwata, taya na juyi a sama, riga ta yaye, ga zanen goyo a fili kowa na gani.

Dariyar da aka yi ranar, har masu awo sun bar ma'auni. Ni kuwa na tashi a fusace, ɓawon albasa a gemu. Ƙullin Goggo bai taɓa kwancewa da kansa ba, ko a yashi, ko a laka. Na fara ihu ina neman wanda ya sa mini hannu a riga.

"Wane ɗan banza na yak kwance min ɗamara? Shi hito!"

Na juya kan Alhaji, na ce ko shi ne. Sai na tuna hannun hagunsa bai bar kunnena ba har muka kai ƙasa, kunnen ma yana nan yana zafi, shi ne shaida. Na duba ɗaya hannun. Yana kwance kan ƙirjinsa, bakin majanyi a cikin yatsu, babban yatsa da manuni sun kama shi gam.

Na durƙusa na ja majanyin a hankali. Hannun ya ja.

Ban san lokacin da dariya ta mutu ba. Alhaji yana zaune cikin albasa, hula ta faɗi, yana kallon hannunsa kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba. Wallahi idona ya kawo ruwa, kuma ba albasar ba ce, ko da yake ita na ɗora wa laifi. Mamman Dogo ya sauko daga kan buhu, ya tsuguna gabansa, ya miƙa hannu. Alhaji ya tallafo gwiwar hannun daman da hagu, ya ɗaga shi da ƙyar, majanyi na reto, ya sa a nasa.

"Sannu da zuwa kasuwa, Alhaji," in ji Mamman. Sai halin ya motsa, ya ƙara da cewa, "Majanyin ga hwa, saida min shi in kai ma uwargida."

"Albarka," in ji Alhaji, da muryarsa ta da.

Daga baya, da baki ya ƙara sakuwa, ya gaya mini tun ranar da aka zura mana riga yake yaƙi da ƙullin nan. Ya tsane shi fiye da ciwon. Kowace tafiya, daga ƙofar gida har asibiti, yana aika wa yatsun saƙo su kama, ba sa ji, har ranar da suka ji. Da mai gashi ya sami labari ya ajiye ƙwallonsa, ya ce in ci gaba da ɗaurewa, in ƙara tamkewa ma. Muka yi sharaɗi da Alhaji: ba kwancewa sai babur ya tsaya. Sau biyu ya karya sharaɗin, sau ɗaya cikin gonar gero.

Hannun bai koma kamar da ba, ban ce muku ya koma ba. Amma da shi ya ci tuwo, da shi ya ƙulla ciniki shekaru masu dama, yana shan maganinsa yana zagin miyar Hajiya. Majanyin kuma ya ƙi mayarwa. Goggo Ige har ta bar duniya tana aika ni karɓo mata.

Bayan rasuwar Alhaji da 'yan kwanaki Hajiya Kulu ta aiko mini da majanyin a leda. Na buɗe na ga ƙulli a tsakiya, karkatacce, sako-sako, wanda Goggo da ta gani sai ta yi faɗa. Hajiya ta ce kwancewa ya iya tun tuni, ƙullawa ce ta ba shi wuya, ya daɗe yana gwadawa da hannun daman shi kaɗai, ya ce in ya yi a kawo mini in gani. Ban kwance shi ba. Yana nan ƙarƙashin kujerar babur ɗina, tare da filogi da sifana.

Shi kuma wancan mai cewa ba a koyon sana'ar nan, na gane shi, babur ɗinsa ja ne. Gobe da safe ya aro zanen goyo da majanyi wurin mahaifiyarsa ya same ni a tasha. Ni zan hau baya, kuma ɓarin dama zan saki.